Dashen Lemon Bakin Tsohuwar Rijiya

Da safe aka tarar babu dashen lemon da ke lambun shaƙatawa na rukunin gidajen, daf da tsohuwar rijiyar da baƙi ke zuwa gani. Shugaban mazauna ya rantse in ba a gano shi ba, maigadi zai bar aiki a yau.

Sajan na 'yan sanda, wanda shi ma mazaunin rukunin ne, ya durƙusa ya taɓa wurin. An mayar da ƙasa, an daddaɓe ta sumul.

"Baba, ina kake jiya da yamma?" ya tambayi maigadi.

"Ina ƙofa, ranka ya daɗe. Ni da ko takalmina sai na zauna nake sawa, ina ni ina haƙa?"

Da Sajan ya tambayi mai sayar da furanni a bakin titi, dariya ya yi. "Yallaɓai, in ni ne, tsayawa zan yi in cike rami? Ai fizga zan yi in ƙara gaba."

Sajan ya dubi taron. Kowa ya fito, ban da mutum ɗaya. Ya nufi gida na ƙarshe, inda ya tarar da katifu a ɗaure da kwalaye a baranda.

"Gwaggo, ina kwana? Yau ban ga bokitinki a lambu ba."

"Ƙafa ce, ɗana."

"Kullum ke ce ke fara ba lemon nan ruwa, ko da ciwon ƙafar. Yau ba ki je ba tun kafin a yi cigiya, don kin san ba ya nan. Kuma wanda ya cike ramin nan yana ƙaunar wurin."

Tsohuwar ta janye labule. Ga dashen a cikin bokitin, da ƙasarsa.

"Autata ce ta dasa shi, kafin ciwo ya kwantar da ita. Gobe yayanta zai tafi da ni can wurinsa. Kabarinta ba ya ɗaukuwa, ɗana."

Sajan ya sunkuyar da kai. "Za a kori maigadi, Gwaggo."

Ta dafe ƙirji. "Bawan Allah! Wallahi ban sani ba."

Tare suka mayar da shi, ita da kanta ta daddaɓe ƙasar. Da ta gama, ta miƙa wa maigadi bokitin.

"Da sassafe ake ba shi. Ba ya son rana ta riga shi."