Mai Juya Shafi

Ranar da Morenike ta fara zuwa ƙungiyar masu kaɗa biyola, wani gogen Turawa, ta Ibadan, ta makara, kujera ɗaya ce kawai ta rage. Tsofaffin makaɗa ne suka kafa ƙungiyar, bayan sun gaji da tsiyar masu biyolin, ƙaramin goge mai siririyar murya, da ke cewa gogensu mai kaurin murya ba ya jin nisa. Duk Asabar ake haɗuwa a zauren coci, a koyar da sababbi, a shirya wasan shekara.

A al'adarsu mutum biyu ne ke karanta takardar kiɗa ɗaya. Babba yana zama ta gefen jama'a, ƙarami kuwa ta ciki, shi ke dakatar da kiɗansa ya juya shafi. Amma saurayin da ta tarar sai ya miƙe ya koma ciki.

"Ni ce sabuwa fa," in ji ta.

"Na gani. Hannuna ne ya fi tsawo. Sunana Diran."

Daga baya ta ji cewa duk ƙungiyar babu kamarsa. Kafin damina ta wuce, ta faɗa sonsa tsundum.

Mahaifinta, Baba Ajeigbe, malamin biyolin ne, kuma tuni ya yi mata sha'awar ɗalibinsa Tokunbo. Diran ya je ya kwanta rub da ciki ya gaishe shi, tsohon ko kallo bai ishe shi ba.

"Mai biyola? Wanda biyolin ya gagara ke nan! Ita ma taurin kai ya kai ta."

Sai Diran ya ɗauke ƙafa. Tokunbo ya ce mata ai ya gudu Legas. Ranta ya ɓaci, ta tura saƙo: "Ashe tsawa ɗaya ta ishe ka?"

Amsa ta zo nan take: "Renike tawa, ina nan daram. Ba na son zuwa gidan da Baba bai ce in zo ba. Ki dai kawo shi wasan shekara."

Ranar wasan, Mama ce ta ja Baba, yana ƙunƙuni.

A tsakiyar waƙar akwai wurin da kowa ke yin shiru sai masu takardar gaba, wato ita da Diran, kuma daidai nan shafi ke ƙarewa. Wurin da makaɗi ke nuna kansa ke nan. Diran ya sauke bakan gogensa, ya juya shafin, ya bar mata filin ita kaɗai. Ta ci gaba da kaɗawa. Zauren ya yi tsit har ta dire.

Da ta sauko, ta tarar Mama na zungurin Baba.

"Tun muna saurayi da budurwa nake juya maka shafi. Ka taɓa juya mini?"

Baba ya yi gyaran murya, ya dubi Diran.

"Kai, ka turo manyanka. Kuma ka zo ka ci amala, ka rame."

Ranar ɗaurin auren, ƙungiyar duka ta zo da kayan kiɗanta. Morenike ta ɗaga mayafi ta leƙa. Ga Mama da tsohon gogenta ta gefen jama'a, ga Baba Ajeigbe a kujerar ciki, ya lashi yatsa yana jiran ƙarshen shafi.

Allah ya bar su tare, su duka huɗun.