Ƙanzo a Cikin Bututu

Ƙarfe goma na safe bututu ya fashe a masana'antar man girki, tafasasshen mai ya ƙone hannuwan wani ma'aikaci. Kafin Sufeto da Sajensa su iso, Manaja ya riga ya kulle mai awon ruwa a ofis.

"Ita ce, ranka ya daɗe. Aikinta ɗiga asid a ruwan da ke sanyaya mai, don kada bututu ya yi ƙanzo. Ka ga aikin nata!"

Sufeto ya leƙa bututun. Farin ƙanzo ya toshe shi kamar gindin tsohuwar tukunya. Ya duba duron asid: ya yi rabi, famfonsa na ɗiga. Ya sosa ƙeya.

"Saje, magani na shiga, ciwo na ƙaruwa. Ka gane?"

"Yallaɓai, ni ko shayi ban sha ba."

Aka fito da mai awon ruwa, idanunta jawur.

"Sau shida na rubuta cewa awon ruwan ba daidai yake ba. Ba wanda ya karanta!"

"Ban ga takarda ko ɗaya ba," in ji Manaja.

Saje ya ja aljihun teburin Manaja. Ga su nan, shida, ko ninkinsu ba a buɗe ba.

Ta ɓantari ƙanzo, ta jefa a kofin da ta ɗebo daga duron.

"Da asid ne, da yanzu yana kumfa."

Ba kumfa. Ruwa ne zalla. Kan Sufeto ya ƙara ɗaurewa: wa zai saci asid, ya kuma tsaya zuba ruwa a duro?

Tsohon makaniken da ake kira Baba Sufana ya ce, "Ni ɗana, ko kusa da duron nan ba na zuwa."

"To Baba, me ya huhhuje maka wando haka? Gara?" in ji Sufeto.

Tsohon ya dubi ƙafafunsa. Can ya kai su bayan sito, inda jarkoki ke jere, cike da asid.

"Shekara talatin ina goge bututun nan da hannuna. Abin da ke cin wando, ya bar ƙarfe? Ceton injin nake yi."

"Ɗigo ne, Baba, a tankin ruwa guda!" in ji mai awon ruwa. "Da ka tambaye ni!"

"In tambayi sa'ar jikata?"

Sufeto ya ciro ankwa domin tsohon, ya juya ga Manaja.

"Kai ma taho. Ka karanta takardun nan a mota."