Kwandon Wayoyi a Bikin Tima

Duk wanda ya watsa hoton amarya ba lulluɓi a wayoyin maza maci amana ne, ba shi da wani suna. Abin da aka yi wa Tima ke nan a Lamu, kuma a gindin hoton ga tambarin shagon Swabra mai ɗaukar hoto ɓaro-ɓaro.

Swabra ta tare Famau, yayan Tima, a bakin teku yana sauke kaya daga jirginsa zuwa bayan jakuna. Shi za ta aura bayan sallah, sai dai tun da safe mahaifiyarsa ta aiko a dakatar da magana.

"Kai ne?" ta ce, ko gaisuwa babu.

"Ni ne me, Ido-uku?"

"Kar ka kira ni da sunan nan yau! Wa ya san lambar sirrin shafina in ba kai ba? Wa ya kai kwamfutata gyara?"

Ya saki igiyar hannunsa.

"Swabra... ƙanwata ce fa."

"Ba kai ne kullum kake min mita ba? Wai ina sa hannuwa da ƙofofi a shafina kamar mai tallan lalle, in sa fuskoki in samu kasuwa!"

"Na faɗa. Zolaya ce, masoyiyata."

"To ga zolayar ta fito."

Ya juyo ya fuskance ta.

"Tun jiya nake rantse wa Mama ba ke ba ce. Ashe ke kin gama yanke min hukunci."

Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Ita kuwa ta bi lungu tana sharar hawaye da bakin mayafi, zuciyarta na ƙirga duk abin da ya taɓa yi. Ran nan da ya tsaya bayanta tana aiki. Ran nan da ya tambaye ta inda take ajiye hotunan biki. Zato mugun abu ne, in ya shiga zuciya har murmushin mutum sai ya zama shaida a kansa.

A shago ta tarar da mahaifinta, Mzee Lali, zaune ƙarƙashin tsofaffin hotunansa. Tun yana saurayi yake ɗaukar hoto, tun ana wanke fim a duhu, har idonsa ya raunana ya miƙa mata sana'ar. Kyamararta sabuwa ce, amma gilashin da ke bakinta nasa ne, ya girme ta. Da shi take shiga wuraren mata inda namiji ba ya taka ƙafa, kuma dokarsa take bi: fuskar amarya ta gidansu ce, shafi sai dai lalle da ƙofa da inuwa.

"Kin duba hoton?" ya tambaya.

"Na gan shi, Baba. Ban iya sake kallo ba."

"Gani daban, dubawa daban. Buɗe shi babba ki faɗa min. Fitilun bayan amarya, yaya suke?"

Ta buɗe a kwamfuta.

"Ƙanana ne... tsaf da su, kamar an ɗiga."

"Gilashina yana yin haka?"

Ta girgiza kai. Gilashin Baba narkar da fitilun baya yake yi, su zama manyan ƙwallaye masu laushi. Duk Lamu an san hotonta da wannan.

"Waya ce," ta ce a hankali. "Tambarin daga shafina aka kwafo aka liƙa."

"Daga ina mai ɗauka ya tsaya?"

Ita a durƙushe take ɗaukar amarya, daga gaban gadon da ake zaunar da ita. Wannan kuwa daga gefe ne, daga nesa, ta saman kawunan mata.

Daga bakin ƙofa.

A bikin mata, kowace mace sai ta jefa wayarta a kwando kafin ta shiga. Wadda ta riƙe kwandon a ranar ita ce Zuhura, 'yar kawun Famau, wadda tun farko mahaifiyarsa ta so ya aura.

Jikin Swabra ya yi sanyi, ba don Zuhura ba. Fuskar Famau ta tuna a bakin teku.

Da la'asar ta rataya kyamara ta nufi gidan su Famau. Mahaifiyarsa, Mama Rukia, na tsakar gida da dangi, ga Tima ido a kumbure, don mijinta ko gaisuwar maƙwabta ya kasa amsawa. Zuhura na zuba musu kahawa.

"Mai hoto ce?" in ji Mama Rukia. "Yau wa za a tona wa asiri?"

"Mama, ki ba ni minti kaɗan, sannan ki kore ni."

"Goggo, kar ki saurare ta," Zuhura ta yi caraf. "Masu sana'ar nan baki ne da su."

"A bar ta ta yi magana!"

Famau ne daga bakin zaure. Bai kalli Swabra ba.

Ta ajiye hotunanta na bikin kusa da wanda aka watsa, ta nuna fitilu, ta nuna inda aka tsaya. Sannan ta dubi Zuhura.

"Duk mun jefa wayoyinmu a kwandonki, 'yar'uwa. Taki wa kika ba?"

"Ji min mace! Ni za ki tuhuma a gidan goggona?"

Tima ta ɗago kai.

"Na ga kin ɗaga hannu sama, Zuhura. Na zaci mayafi kike gyarawa..."

Mama Rukia ta miƙa tafin hannu.

"Kawo wayar."

"Goggo, wallahi..."

"Na ce kawo!"

Hoton na ciki, cikakke, ba tambari, har da bakin kwandon a ƙasansa wanda aka yanke kafin a watsa. Zuhura ta zube tana cewa sharrin shaiɗan ne.

Mama Rukia ta kamo hannun Swabra.

"'Yata, na zalunce ki. Zauna ki sha kahawa."

Amma Swabra zaure ta nufa. Famau na jingine da bango.

"Na zarge ka a gaban jakuna da mutane," ta ce. "Ka yafe min, zuciyata."

"Jakunan sun ji haushi ƙwarai."

"Famau!"

"Ya yi min zafi, Swabra. Ba zan ɓoye miki ba. Kin iya duba fitila a hoto, ni ne ba ki duba ba."

Ta sunkuyar da kai. Gaskiya ya faɗa, kuma ya kamata ta ji ta.

"Zan sake lambar sirrin," ta ce, "in sake ba ka."

"Riƙe abarki, Ido-uku. Ni fuskar nake so, wadda ba a sawa a shafi."

Bayan sallah aka ɗaura aure. Washegari hoto ɗaya ya hau shafinta: hannu biyu, ɗaya da lalle, ɗaya da kantar igiya.

Zuhura kuwa, mahaifinta da kansa ya kai ta gidan mijin Tima ta nemi gafara a gaban manya. Daga ranar, matan da ke yawon gayyatar biki gida-gida suna tsallake ƙofarsu. Ana kiɗa a unguwa, tana ji daga ɗaki.