Hannun da Ya Ƙi Sauka

“An ce da takobin gora ya yi mata duka, ana saura wata biyu aurensu!”

“Wa ya ce?” in ji Kotone.

“Kowa ma ya ce,” mahaifiyarta ta amsa tana zuba shayi.

“Kowa ai ba sunan mutum ba ne, Mama.”

A garin nan namu na bakin teku, a kudancin Japan, zancen ya shekara huɗu yana yawo. Wai Isamu Shiraishi, mai koyar da kendo, wasan takobin gora, a tsohon rumbun bayan kasuwar kifi, ya doki budurwarsa har ta bar gari, maza suka guje shi, shi ya sa ya koma tara mata. Babu wanda ya gani, amma kowa na iya rantsewa. Kotone kuwa a ɗakin karatu take aiki, ta saba in an ce “an rubuta” ta ce a nuna mata shafin.

Ranar Lahadi da hantsi ta tafi ta gani.

Tun daga waje ta ji ihu. Ta leƙa... sai ta manta abin da ya kawo ta.

Rana na zubowa ta tagogin sama. Mata wajen goma cikin tufafi masu rinin shuni da sulke suna zamewa a kan katako babu takalmi, kamar ruwa ne ke ɗauke da su.

“Ke! Leƙe kika zo ko shiga?”

Wata dattijuwa ce ta tuɓe kwalkwali, sai ga Goggo Fusae mai sayar da kifi.

“Gani kawai na zo yi, Goggo.”

“Duk haka muka ce. Makarantar kan tudu sun ce na tsufa, waccan sun ce ta yi ƙiba, waccan kuma ta je ta yi raino. Nan ba wanda ya tambaye mu komai sai sunanmu. Cire takalmi!”

Kafin ta yi musu an danƙa mata gora. Wani dogo, Isamu da kansa, ya tsaya a gabanta, ba ta ganin komai nasa sai idanu ta tsakanin ƙarafan kwalkwali.

“Kada ki kalli takobina,” ya ce a hankali. “Ki kalle ni yadda ake kallon dutse daga nesa.”

Ta kalla...

Ranar nan sai da ta wuce ƙofar gidansu da gida uku kafin ta farga.

Damina ta wuce, ganye ya yi ja ya zube. Kotone ta samu sulkenta, ta kuma samu muryar da ba ta san tana da ita ba. In an tashi, Isamu kan ɗaukar mata jaka su bi ta bakin teku, jirage na lilo a kan ruwa.

“Kotone...”

“Na'am, Malam.”

“A waje ma Malam?”

Ta sunkuyar da kai. “To me zan ce?”

“Duk abin da zuciyarki ke cewa in ba na kusa.”

“Kai! Wannan ai ya fi ƙarfin bakina.”

Ya yi dariya, ita kuwa ta ji kamar ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Amma tun daga ranar wani abu ya canza. In ya kara da Goggo Fusae, sai ka ji tas! a kan kwalkwalinta, tsohuwar ta rusuna ta ce ta gode, kamar yadda ake yi, don wanda ya same ka ya nuna maka inda ka bar a buɗe. In ya zo kan Kotone kuwa, sai gorar ta tsaya cak, saura faɗin yatsa.

Sau ɗaya. Sau goma. Wata guda cur.

“Goggo, ba na yin kuskure ne?”

“Ke? Kanki a buɗe yake kamar ƙofar kasuwa.”

“To me ya sa ba ya sauke hannu?”

Tsohuwar ta goge wuya. “A ɗakin nan, 'yar nan, wanda ya ƙi dukan sulkenki cewa yake ke ba abokiyar karawa ba ce. Kwalliya ce ke.”

Da yamma ta tare shi.

“Raina ni ka yi?”

“Ni? Masoyiyata, hannuna ne ba ya yarda...”

“To ka koya masa! Ban zo nan don a ajiye ni kamar fure a kwalba ba. In ba za ka kara da ni da gaske ba, ka daina ɗaukar min jaka.”

Fuskarsa ta yi fari fat, kamar wanda ya taɓa jin maganar nan a wani bakin.

Duk wannan a kan idon Sumire, wadda ta fi kowace mace daɗewa a ɗakin, kuma ta shekara uku tana jiran a ɗaukar mata tata jakar. Washegari ta sayi alawar wake ta kai wa mahaifiyar Kotone gaisuwa.

“Ni dai, Mama, ba na son gulma... amma ki duba wuyanta.”

Kotone na shigowa uwar ta ja kwalar rigarta. Ga shuɗi nan shar.

“Wayyo ni! Ya fara!”

“Mama, rinin riga ne...”

“Rufe min baki! Ba ke ba rumbun nan, ba ke ba mutumin nan, in dai ni na haife ki!”

“To zo ki gani da idonki. In kin gani kin ce a'a, na haƙura da shi.”

Ranar Lahadi uwar ta zo, ta durƙusa a bakin ƙofa, jaka a cinya, baki a tamke. Sumire har da kawo mata matashi.

Kotone ta ɗaure kwalkwali ta tsaya a gabansa. Ta ga idanunsa sun je ƙofa sun dawo. Ta san abin da yake aunawa: in ya sauke hannu, uwa ta ga abin da ta zo nema. In ya tsayar, ita ce zai rasa.

Suka rusuna. Kan gora ya taɓa kan gora.

Ɗakin ya yi mata nisa, kamar a ƙarƙashin ruwa. Babu Mama, babu Sumire, sai numfashinsa.

“Isamu...” ta raɗa. Karon farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta.

Ya yi ihu ya zaburo.

Tas!

Ƙarar ta ratsa ta tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, garau, babu zafi ko kaɗan. Uwar ta miƙe zumbur.

“Na gode!” Kotone ta ɗaga murya, tana dariya tana hawaye.

Ta juyo, ta kurma ihun da ya tashi tsuntsayen kan rufi, ta zame ta gefensa.

Tas! a kan sulken cikinsa.

Isamu ya rusuna mata har ƙasa. “Na gode.”

“Yauwa 'yar gari!” Goggo Fusae ta buga ƙafa. “Ƙara masa!”

Da aka tuɓe sulke, uwar ta taho. Ta lalubi kan 'yarta, babu ƙulu. Ta jiƙa hankici ta goga wuyan, shuɗin ya biyo hankicin. Ta daɗe tana kallon hankicin, sannan ta juya ta kalli Sumire, wadda ta shiga neman takalminta.

“Yarinyar da ko ‘sannu’ sai na kasa kunne nake ji,” uwar ta ce. “Ashe da wannan muryar a cikinki?”

Ta dubi Isamu. “Kai kuma, kana cin miyar kabewa?”

“Ina ci, Mama.”

“To Laraba. Kada ka zo min da sanda.”

Lokacin da itatuwan bakin kogi suka yi fure aka yi bikin. Matan rumbun suka jeru a hanya cikin shuninsu, furanni na zuba a kafaɗunsu. Har Sumire ta zo, ta tsaya a ƙarshen layi.

A kan hanyar gida Kotone ta riƙe hannun rigarsa.

“Mijina... saura tambayar da ta kai ni rumbunka. Waccan ta farko, me ya faru?”

Suka haye gada, ya juyo ya dube ta.

“Ta fi ni iya takobi. Shekara biyu tana roƙona in kara da ita da gaske.”

Isamu bai taɓa dukan matar nan ba, ko sau ɗaya, ko a kan sulke. Abin da ya sa ta tafi ke nan.