Ranar Da Aka Yi Wa Ƴar Baba Aikin Maƙogwaro

"Ba zan sa hannu ba."

Ta dubi mijinta da ya faɗi haka, ta dubi takardar amincewa da aikin da ke kan cinyarsa. Sati uku ke nan tana gidan iyayenta saboda wannan maganar, yau ne suka fara zama a benci ɗaya, a ƙofar ofishin likita.

"Abban Ƴar Baba, tsokar maƙogwaronta ta kumbura, ko ruwa da ƙyar take haɗiya..."

"Shekara goma sha biyar ina aikin lantarki. Na san abin da wuta ke yi wa na'ura." Ya dube ta. "Sai da ta shekara huɗu kafin ta ji muryata. In wutar aikinsu ta ƙona na'urar jin da aka dasa mata a kunne fa?"

"In numfashinta ya tsaya fa? Wa za ta ji?"

Ya kau da kai. Ta ga gemunsa ya yi buzu-buzu, rigar ma ba guga. Tausayinsa ya kama ta, ta ƙi nunawa.

Likita ta kira su ciki. Ta ce ba za ta taɓa yarinyar da ƙarfen da wutarsa ke ratsa jiki ba, da wuƙa da zare za ta yi aikin.

"Amma jini zai fi zuba. Ba zan ɓoye muku ba."

Ya daɗe yana juya biron kafin ya sa hannu.

A ƙofar tiyata nas ta ce a cire ɓangaren na'urar jin da ke maƙale a bayan kunnenta. Ya durƙusa gaban gadon.

"Ƴar Baba, za ki ji shiru na ɗan lokaci. Kar ki tsorata."

Ya cire da hannunsa. Yarinyar ta yi ta kallon bakinsu har ƙofa ta rufe.

Awa biyu suna zaune suna jira. Da ta lura kafaɗunsa na rawa, ta matsa ta riƙe hannunsa.

"Ka yi haƙuri, masoyina."

"Ni ne mai laifi. Gidan ba daɗi, wallahi."

An fito da ita fuska fayau, leɓe a bushe. Da ta farfaɗo ya kasa maƙala na'urar, sai uwar ta karɓa ta maƙala mata.

"Kira ta," ta ce masa.

Ya kira. Shiru. Ya sake kira da ƙarfi.

A hankali yarinyar ta juyo gare shi, ta yamutsa fuska, ta ɗora yatsa a leɓenta, wai ya cika ƙara.