Ƙaguwa da Soson Gilashi

Can a ƙasan teku, inda rana ba ta leƙawa, wata ƙaguwa mai karambani ta tarar da wani farin soso. Ƙashinsa na gilashi ne, saƙaƙƙe kamar kwando, jikinsa duk huji.

"Wayyo, bawan Allah, ka yage!" in ji ta. Ta ɗebo laka, ta toshe nan, ta toshe can.

Soso ya ce da ƙyar, "Baiwar Allah, za ki kashe ni! Ta hujin nan ruwa ke kawo mini abinci."

Kunya ta kama ƙaguwa. Ta buɗe nan, ta buɗe can, har ƙafafunta suka yi tsami.

Sai ta hango babban rami a kansa. Hannunta ya soma ƙaiƙayi, amma ta daure ta tambaya, "Wannan fa?"

"Ta nan ruwan ke fita."

"To, madalla," in ji ƙaguwa, ta zauna a kan hannayenta.