Kuɗin Da Ba Ya Dawowa

"Sake karanto min haruffa shidan ƙarshen nan, Madam Favre."

Abokiyar aikin tawa ta sauke tabaraunta kan hanci ta dube ni.

"Sau uku ke nan, Séverine. 7c41e9. Lafiya kike kuwa?"

Ina fa lafiya. Na kasa ɗauke idona daga kan lambar.

Ƙa'idar kamfaninmu ce: in za a mayar wa wanda ya biya kuɗin jirgi da kirifto, wato kuɗin intanet, rarar kuɗinsa, mutum biyu ke zama, ɗaya ya karanta lambar asusun da ƙarfi, ɗaya ya bi da ido, domin kuɗin nan in ya tafi ba ya dawowa. Kuma asusun da ya biya ake mayar wa. Yau rarar wani jirgin birnin Nice ce, wanda ya tashi wata huɗu baya.

Jirgin da ya raba ni da Duarte.

Tun rasuwar Papa, yayana Gaspard ke riƙe da kamfaninmu na hayar ƙananan jirage a filin jirgin Geneva. Ni kuwa, da shekara ashirin da bakwai, ina bayan gilashi ina miƙa wa attajirai kofi, ina kallon jirage suna tashi ba ni a ciki. A gidan Maman, mahaifiyarmu, nake kwana, motar kamfani nake hawa, katin bankina ma na kamfani ne. Ko man leɓe na saya sai Gaspard ya gani.

Duarte makanikenmu ne, ɗan wani magini daga Porto. Ranar da Maman ta ga zobensa a yatsana, ajiye cokali ta yi.

"Mai baƙin mai a farce? A teburin mahaifinki?"

Bayan sati biyu Gaspard ya ajiye min takarda da hoto. Fasinja biyu zuwa Nice: Duarte da ƙawata Capucine, kanta a kafaɗarsa. Ya ce ita ta yi hayar jirgin, ita ta biya.

Duarte ya rantse min Gaspard ne ya tura shi gyaran wani jirgi, barci ya ɗauke shi a hanya. Gaspard ya ce shi bai aiki kowa ba.

Na yarda da yayana. Na jefa wa Duarte zobensa a gaban abokan aikinsa...

Ya bar aiki, ya canza lamba. Ɗazu na ji makanikai suna cewa gobe da safe zai bar Porto zuwa Angola, kwangilar shekara uku.

Na ciro wayata na buɗe asusuna na kirifto. Sau ɗaya tak kuɗi ya taɓa shiga cikinsa, shekara shida baya, kyautar ranar haihuwata. Gaspard ne ya turo yana dariya, wai in sayi takalmi. Ban taɓa ko sisi ba, amma na sha kallon lambar wanda ya turo har na haddace ta.

7c41e9.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa ba. Na dangwara masa wayar da takardar.

"Capucine ce ta biya, ko?"

Ya duba. Kunnuwansa suka yi ja, kamar yadda suke yi tun muna yara in ya ci cakulan ɗina.

"Kirifto ba ya ɗauke da suna, Sevi."

"Amma yana ɗauke da lamba. Kullum kai ke yi wa baƙi wa'azi kada su maimaita asusu ɗaya, sai ga malamin da kansa ya yi ƙiwar buɗe sabo."

"Don ke na yi. Maman ba ta barci."

"Capucine fa, me ta samu?"

"Hutun kwana biyu a Nice. Kuma dama tana sonsa, ke ce makauniya."

Na tsani yayana a lokacin, amma kaina na fi tsana.

"Porto zan tafi."

Ya jawo kwamfutarsa, ya danna sau biyu, ya jingina da kujera.

"Na rufe katinki. Je ki da ƙafa. Kuma ki wanke fuska, baƙin Zurich za su sauka ƙarfe uku."

Na koma bayan gilashina na zauna. Jirgin fasinja kati yake so, jirgin ƙasa kati yake so, kuma ba zai kai ni kafin safiya ba. Faran goma sha biyu ne a jakata, 'yan canjin kuɗin ƙasarmu. Wani farin jirgi ya wuce ta gabana ya ɗaga, na bi shi da kallo ina kuka ba sauti.

Madam Favre ta ajiye min kofi, idonta a kan allo.

"Maƙwabtanmu, kamfanin da ke gefenmu, suna da jirgin da zai koma Porto ba fasinja ƙarfe uku da rabi. Irin wannan da araha suke sayarwa."

"Da me zan biya?"

"'Yar nan, yaushe rabonki da duba abin da kuɗin takalmin nan ya zama? Su ma suna karɓa. Ni dai ban ce komai ba."

Na duba. Darajarsa ta ninninka cikin shekara shidan nan, ya isa, da ƙyar.

Teburin maƙwabtan taku ashirin ne daga namu. Matar da ke wurin ta karɓi katin shaidata, ta juyo min da allo.

"Farashin nan na minti goma sha biyar ne. Kin san in kin tura ba a fasawa?"

"Shi ya sa nake so."

Ta karanta lambar, na bi da ido, na danna. Allon ya ce a jira tabbaci.

Sai ga Gaspard, waya a kunne.

"Maman ce. Karɓi."

Na karɓa.

"Séverine, in kika hau jirgin nan, kada ki neme ni."

"Kin san abin da ya yi, Maman?"

Shirun da ta yi ya ba ni amsa.

Gaspard ya juya ga matar. "Ki soke. Zan biya ku ninki biyu."

Allon ya koma kore.

"Ya shiga, Mesiye. Kai ma sana'arka ce, ka sani."

Na miƙa masa wayarsa da makullin motar kamfani.

"Na gode da takalmi, Gaspard."

Rana ba ta faɗi ba na isa unguwarsu, a motar da kamfanin jirgin ya haɗa min. Ƙamshin gasasshen kifi ya cika matakala. Duarte ne ya buɗe ƙofa, akwati biyu a ɗaure a bayansa. Ya rame.

"Me kike nema?"

Na nuna masa lambobin biyu. Ya daɗe yana kallo.

"Sai da na'ura ta faɗa miki kika yarda. Ni da na rantse miki fa?"

"Na cuce ka, Duarte. Ba ni da uzuri. Ka yafe min, ko ka rufe ƙofar, amma ban so ka tafi kana zaton..."

Na sunkuyar da kai.

Daga ciki mahaifiyarsa ta ɗaga murya: "Wace ce? In 'yar Geneva ce ka shigo da ita, kifi yana hucewa."

Ya so ya ɗaure fuska, bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya leƙa bayana.

"Ina kayanki, rigimammiyata?"

"Babu."

"Tikitin komawa fa?"

"Faran goma sha biyu gare ni a duniya."

Ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya jawo siririyar sarƙa. Zobena ne a jiki, ya ɗan lotsa inda ya bugi siminti.

"Angola akwai zafi, Sevi."

"Akwai gilashi tsakanina da kai a can?"

"Babu."

Na miƙa masa yatsana.